Ƙaurin 'Yar Fari

Ba daga bakin 'yarsa Malam Salissou ya ji labarin haihuwar ba. Surukinsa Muzammil ne ya kira, da muryar nan tasa ta likitoci mai ladabi da gaggawa, ya ce Houda ta sauka lafiya, an samu mace, har an sallame su sun koma gida. Salissou ya yi hamdala, ya jero addu'o'i, ya tambayi lafiyar jaririya. Sai da magana ta kusa ƙarewa sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Ita kuma mai jegon fa?" Muzammil ya ce da sauƙi, barci take. Alhali kuwa Salissou yana jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana tambayar inda aka ajiye tawul.

Ya ɗora wayar a cinyarsa yana zaune a falon ɗan gidansa na unguwar Glenwood a Greensboro, inda tun rasuwar matarsa Tchima bara ba abin da ke motsi sai labule. Abin da ke cin ransa ya wuce ƙin karɓar waya. Muzammil ya samu aiki a Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma da zarar an yi arba'in za su tattara su tafi. Idan Houda ta bar garin nan a yadda take, ta tafi ke nan da yaƙinin cewa ubanta bai taɓa son ta ba. Shi kuwa duk duniya ba wanda yake so kamar ta, sai dai bai taɓa gaya wa kowa ba, har da ita.

Houda 'yar fari ce. A Tasawa, inda Salissou ya tashi, uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kunya ce, kowa ya san ma'anarta, har yaron kansa yakan taso yana tinƙaho da ita. To amma Houda a Greensboro ta yi wayo, inda iyaye ke tsayawa bakin makaranta suna ƙwala wa 'ya'yansu kira suna sumbatar su a goshi. Ita "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ƙanenta Abdoul-Aziz kuwa a wuyan uban ya girma, sunansa kullum yana bakinsa. Tchima ce tafinta a tsakaninsu. Ita ke jan yarinyar ɗaki ta ce, "Kunya ce, ba ƙi ba. Shi ya ce a sayo miki takalman nan." Da tafinta ta mutu sai magana ta tsaya. Ranar jana'iza Houda ta faɗa ƙirjinsa tana kuka a gaban jama'a, shi kuma ya ɓamɓare yatsunta daga rigarsa a hankali ya miƙa ta ga mata. Daga ranar ta ɗauke ƙafa. Wanda zai ce Salissou mugu ne bai san shi ba. Wanda kuma zai ce yarinyar ta cika riƙo, ya fara tambayar kansa ko an taɓa cire hannunsa daga jikin ubansa ranar da aka binne uwarsa.

Mutum uku ne ba su ɗauke ƙafa ba, kuma son abinci ne ya fara kawo su gidan shekaru da dama da suka wuce. Akwai Alhaji Ɗantala, Bakano mai sayar da tsofaffin motoci a titin Gate City Boulevard, da matarsa Hajiya Daso, sai Chaïbou, gwauro ɗan Damagaram mai tuƙa babbar mota, wanda zai iya gaya maka abin da ya ci a kowane gari daga nan har Texas. Kowace Lahadi girkin Tchima suke ci da rana. Mutane ne da in an ajiye abinci a gabansu sai sun yi masa shari'a: wa ya fi iya dambu, me ya sa kukar bana ba ta kai ta bara ba. Bayan rasuwar sun ci gaba da zuwa, Daso na kawo nata girkin a kula, amma musun ya mutu. A ci kawai a tashi.

Ranar da suka zo masa barka, Salissou ya bari sai da aka zuba shayi sannan ya ce, idonsa a kan kafet, "Ina so a yi ƙauri."

Ba wanda ya tambaye shi dalili. Ƙauri farfesun ƙafar sa ne da ake dafa wa mai jego kafin suna, da yaji mai yawa, don ya gasa mata ciki ya kawo ruwan nono, kuma a haihuwar fari gidan iyayenta ke ɗora shi. Shekara da shekaru duk 'yar Hausar da ta haihu a Greensboro ƙaurin Tchima ta sha. Ga shi yau tata 'yar ta haihu, ba mai hura wuta.

Daso ta ajiye kofinta. "Malam, kada ka dube ni. Yarinyar nan tun tana goye nake sa mata loma a baki. Na kira ta har na gaji, ƙarshe ta turo mini saƙo wai ba sa karɓar baƙi yanzu. Ni ce baƙuwa. Wallahi hannuna ba zai taɓa tukunyar nan ba."

"Ban ce ki dafa ba, Hajiya. Ni zan dafa."

Ɗantala ya ƙware da shayi. Duk sun san Salissou bai taɓa dafa abin da ya wuce ƙwai ba, shi ma ƙwan bara ya fara.

"Bon," in ji Chaïbou, yana shafa ciki. "In dai za a ɗiba mini, ni ina ciki. Mi ke gare shi mai wuya? Ƙafa ce da ruwa."

"Ji wani kuma," in ji Daso. Ta kalli ƙofar kicin ɗin da ta daina son shiga. "A kan hannuna na rantse, ban rantse a kan bakina ba. Zan zauna in faɗa, ku kuma ku yi ta ɓarna."

Ɓarnar farko tun kafin a kunna wuta aka yi ta. Salissou ya je shagon kayan Afirka da ke kusa da wurin Ɗantala ya sayo ƙafa a leda, an yanka ta da inji gunduwa-gunduwa, fara fat kamar sabulu. Daso ta leƙa ledar ta taɓe baki. Ta ce wannan da ruwan zafi aka fige ta, ba ta ga wuta ba, kuma ƙafar da ba ta ga wuta ba ko kwana ta yi a tukunya ba za ta ba da ƙamshin da ake nema ba. Sai an samo mai gashi. Chaïbou ya san wata gona a bayan gari inda suke yanka ragon layya, don haka ranar Asabar da sassafe suka tafi cikin yayyafi, suka dawo da ƙafafun sa a bokiti, da gashinsu da kofatonsu da ragowar kashin shanu a jiki.

Nuwamba ce, irin ranakun nan da rana ba ta leƙowa sam. Ganyen bishiyoyi ya zube ya jiƙe ya manne a ƙasa. Suka jawo murhun gashin da Abdoul-Aziz ya bari a bayan gida lokacin da ya koma Charlotte, suka cika shi da gawayi. Daso ta sa aka fito mata da kujera bakin ƙofar baya, ta lulluɓa da bargo, ta harɗe hannuwa a ƙirji don kada su ci amanarta.

Salissou ya ɗora ƙafar farko a tsakiyar wuta, ya ja baya ya tsaya kamar mai jiran bas.

"Juya ta, Malam. Babbaka aka ce, ba ƙonawa ba."

Kafin ya juya, gefe guda ya zama gawayi, fatar ta tsage. Kunya ta rufe shi, ya tsaya yana kallon ɓarnarsa. Daso ta sassauta murya ta ce a ajiye wannan gefe, rabon Chaïbou ce. Ta biyu ya riƙe ta ta wajen ƙashi yana jujjuyawa, gashin yana ƙara yana nannaɗewa, hayaƙi mai wari ya turnuƙe bayan gidan ya haura shinge. Wata ɗaliba a gidan maƙwabta ta leƙo, ta toshe hanci, ta rufe tagarta da ƙarfi.

Warin ne ya dawo masa da wata rana da ya daɗe bai tuna ba. Houda tana 'yar firamare ta dawo gida tana kuka, wai yara sun ce rigar sanyinta na warin ƙonannen gashi, saboda uwar ta yi babbaka da safe. Tchima ta yi mata faɗa ta ce ta rage shagwaɓa. Da yamma shi kuma ya ɗauki rigar a ɓoye ya kai wurin injin wanki na bakin titi, ya zauna har ta bushe, ya dawo ya rataye ta inda take. Washegari Houda ta shinshina rigar, ta ruga ta rungume uwarta tana godiya, shi yana gefe yana shan kunu. A lokacin daɗi ya ji, yana ganin ya yi abin da uba ke yi. Yanzu da hayaƙi ke shiga idonsa sai ya rasa gane abin da ya ji wa daɗi.

Bayan babbaka sai kankara. Ya durƙusa gaban bokiti da wuƙa yana kankare baƙin har fatar ta fito jawur, ya yanke a yatsa, ya naɗe da tsumma bai faɗa wa kowa ba. Daso ta gaya masa yadda ake buga kofato a bakin siminti tun da zafinsa ya zare kamar takalmi. Ɗantala, wanda ya zo cikin farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure, shi ya karɓi adda ya sassara ƙasusuwan, yana haki yana cewa shi fa tun farko ya ce a aro tukunyar nan mai huci, kafin a ce me an gama.

"Alhaji, in sauri kake ka je ka sayi boga, naman nan na cikin burodi," in ji Daso.

Tukunyar Tchima tana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ƙatuwa, gindinta baƙi. Tun bara ba wanda ya taɓa ta. Da Salissou ya jawo ta sai ya tarar da ludayinta na katako a ciki, bakinsa ya cinye ta gefe guda saboda yadda take karkata hannu. Ya tsaya riƙe da shi. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

Daso ta matso da kujerarta bakin kicin ta fara lissafi: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, tafarnuwa, duk a daka su a ɗan turmi. Albasa, daddawa, gishiri. Kanwa 'yar kaɗan, kada ta wuce ƙwayar wake, don ƙafar ta yi laushi. Salissou ya yi ta daka, taɓarya na zamewa, barkono na tsalle yana faɗuwa ƙasa.

"A Damagaram sai an sa tomati," in ji Chaïbou.

"Shi ya sa ba wanda ke zuwa Damagaram cin abinci," in ji Ɗantala. "Wannan ai miya ce kake faɗa."

"Ku Kanawa mi kuka sani in ba magi ba? A cire muku magi, voilà, an gama da ku."

Suka kaure da musu, Daso na raba su tana ƙara zuga su. Salissou ya dakata da daka ya saurara. Rabon da gidan nan ya ji hayaniya a kan abinci tun Tchima na da rai, kuma jin ta bai faranta masa ba yadda ya zata. Sai ma ya ƙara nuna masa muryar da babu a ciki.

Tukunya ta yi ta tafasa, yana kwashe kumfa yana rage wuta yadda aka umarce shi. Aka yi azahar, aka ci burodi da shayi a tsaye, tagogi suka yi gumi. Wajen la'asar fatar ta saki ƙashi, romon ya yi kauri yana danƙo a leɓe. Chaïbou ne ya fara ɗanɗanawa, ya lumshe ido ya ce ya yi, amma bai nemi ƙari ba, kuma duk wanda ya san Chaïbou ya san abin da hakan ke nufi. Ɗantala ya ce ya yi daɗi ƙwarai, yana satar kallon matarsa. Salissou ya zuba wa Daso a kofi. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye.

"Farfesu ne mai kyau, Malam. Amma ba na Tchima ba ne."

"Mi ya rage?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Duk abin da na sani na gaya maka. Ita ba ta son a tsaya mata a kai in tana girki, kullum sai ta kusa saukewa nake zuwa."

Houda ta san ƙaurin uwarta tun tana ƙarama, kurɓi ɗaya zai gaya mata wannan na wani gida ne. Salissou ya ajiye ludayin ya koma falo ya faɗa kujerarsa, wadda duk tsawon zamansu a gidan a kanta yake zama yana sauraron rediyo Tchima na aiki. Bai taɓa tsayawa ya ga yadda take yi ba. Ya ci, ya suɗe hannu, ya ɗauki tukunya ya kai mota, iyakar saninsa ke nan.

Daga nan inda yake yana jin murfin tukunya na karkarwa. Chaïbou ya ɗauki turmi zai wanke, taɓaryar ta bugi gindin turmin. Salissou ya ɗaga kai. Idonsa bai san girkin Tchima ba, amma kunnensa ya san shi sarai, don daga wannan kujerar ya yi ta jin sa. Ya miƙe ya koma bakin kicin.

"Hajiya, daka biyu take yi. Akwai na safe mai tsawo. Akwai kuma wani gajere, dab da za ta kira ni in ɗauki tukunya. Kafin shi ina jin tana gurza wani abu a busasshen kasko, sai wani ƙamshi ya taso ya sa ni atishawa. Kullum sai na yi atishawar, ita kuma ta ce daga ciki, saura kaɗan."

Daso ta zuba masa ido. "Kimba da masoro," ta ce a hankali. "Soya su take ba mai, ta daka, ta zuba daga ƙarshe. Allah sarki Tchima. Ashe nan kika ɓoye abinki."

Ya ɗora kasko, ya zuba, ya yi ta juyawa. Da ƙamshin ya taso sai atishawa ta kufce masa, irin tasa mai ƙarfi da suka sani. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce saura kaɗan. Ya daka, ya barbaɗa a tukunya, ya rufe.

Wannan karon Daso ta kurɓa, ta ajiye kofin. Ta goge ido da gefen mayafi, ta tashi, ta ɗauko tsohon zane ta ɗaure tukunyar da murfinta tamau da hannunta.

"Rantsuwar fa?" in ji Ɗantala.

"Zan yi kaffara." Ta juyo ga Salissou. "Malam, ka ji ni da kyau. Ka sha wuya, amma romo ba zai yi maka magana ba. In ka shiga, ka dubi fuskarta, ka ce kai ka dafa, ka kira sunanta. Sau ɗaya ma ya isa. Nan ba Tasawa ba ce, kuma mai fassara ka ta riga ta tafi."

Ya ce to. A mota, Ɗantala na tuƙi, Chaïbou na rungume da tukunya a baya kusa da Daso, Salissou ya yi ta motsa leɓe yana gwada sunan ba tare da murya ba. Gajeren suna ne, kuma shi da kansa ya raɗa mata shi a kunne tana jaririya, ranar da ba kowa a ɗakin.

Unguwar su Houda, Irving Park, shiru take kamar kullum, manyan gidaje can nesa da titi, ba ko mutum ɗaya a waje. Sauran suka ce za su jira a mota. Muzammil ya buɗe ƙofa, ya rusuna, ya karɓi tukunyar yana cewa, "Baba, ai da ka kira ni da na zo na ɗauka." A hanyar shiga an jera kwalaye, wasu an riga an liƙe bakinsu. Salissou ya kawar da kai daga kansu.

Houda tana kan doguwar kujera kusa da taga, jaririya a ƙirjinta. Ta rame, idanunta sun faɗa, kuma a zaunen nan da ta yi ba abin da ta bari na uwarta. Ya so ya tsaya ya ƙare mata kallo. Idonsa da kansa ya sauka ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa. An sauka lafiya?"

"Lafiya lau."

A kicin Muzammil ya kwance zanen ya ɗaga murfi, ƙamshi ya cika gidan. Houda ta ɗaga kai da sauri, fuskarta ta sauya. "Ƙauri ne? Irin na Mama." Ta dube shi. "Anti Daso ce ta yi?"

Ga ƙofar magana a buɗe, ba abin da ya rage sai ya shiga. Amma a ce uba ya tsaya gaban 'yarsa ta fari, gaban suruki, ya ce ni na durƙusa na kankare miki ƙafar sa? Ya tura yatsan da ya yanke cikin hannun riga.

"An dai yi a gida," in ji shi.

"Ka yi mata godiya," in ji Houda, muryarta ta koma yadda take.

Muzammil ya kawo kwano yana tururi ya ajiye a gefenta. Don ya kashe shirun, ya ɗauki jaririyar ya miƙa wa surukinsa, ya ce an yi mata huɗuba da Leïla.

Tsakanin kaka da jika babu kunya. Al'adar da ta ɗaure wa Salissou baki a kan 'yarsa ita ce ta sake shi a kan jikarsa, har ta ba shi izinin wasa. Yana jin ɗumin 'yar mitsitsiyar nan a hannunsa sai duk abin da ya danne shekara da shekaru ya ɓalle. Ya kai ta fuskarsa, ya shinshini kanta, ya sumbaci goshinta.

"Leïla. Leïlata, amaryata. Ke ce kika zo ba sallama? Dubi hancin nan, wa kika sato wa? To tun yau ki san ni ne mijin, ba na son raini. Kin ga yadda kika wahalar da tsoho? Tun safe nake cikin hayaƙi saboda ke, ga yatsana na yanke. Da hannuna na dafa, don ki samu nono ki ƙoshi. Leïla, buɗe ido ki ga angonki."

Yana dariya, hawaye na bin gemunsa, bai ma sani ba. Sai da ya ji shirun ɗakin ya yi yawa sannan ya ɗaga kai. Houda tana kallonsa. Bai taɓa ganin irin wannan kallon a fuskarta ba, babu fushi a ciki ko kaɗan, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ashe ka iya, Baba," ta ce. "Ni duk na ɗauka haka Allah ya yi ka da 'ya'ya mata." Ta dubi kwanon da ke gefenta. "Kai ka dafa. Saboda ita."

Ya buɗe baki. Ya so ya ce ba haka ba ne, duk abin da ya gaya wa jaririyar ita yake gaya wa, ba shi da wata hanya ce. Sunan ya taso har bakin haƙoransa, yana jin sa. Muzammil na tsaye, Houda na jira, har ta ɗan karkato kai.

"Ke," in ji Salissou. "Ki sha tun da zafi."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To, Baba. An gode." Irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ta miƙo hannu ta karɓi 'yarta, ta ce lokacin shan nono ya yi, ta dafa bango ta hau sama da ƙyar. Muzammil ya bi ta don ya tallafe ta. Salissou ya saura shi kaɗai da kwalaye da kwanon, romon ya fara yin fata a sama. Ya ɗan jira ko za a sauko. Da ba a sauko ba ya ɗauki faranti ya rufe kwanon, ya fita ya ja musu ƙofa.

"Ta sha?" in ji Chaïbou tun kafin ya zauna. Daso ta dubi fuskar Salissou, ta taɓa Chaïbou da gwiwar hannu.

Ɗantala ya tayar da mota. Yayyafi ya dawo, fitilar ɗakin sama ta kunnu a bayansu. Sun kusa kwanar fita daga layin sai Salissou, idonsa a kan gilashi, ya ce a fili, da muryar da ba su san shi da ita ba, "Houda."

Su ukun duk sun ji. Ɗantala ya ɗaga ƙafa daga totur yana jira a ce masa ya juya. Salissou ya sunkuyar da kai yana gyara tsumman yatsansa, bai ce a juya ba, har motar ta gangara ta fita daga unguwar.